Ɗakin Majinyata Shi Ne Makarantar Nas, Amma Wa Ke Duba Ingancinsa?

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti, ko kuwa ya yi zaman jinyar wani nasa, ba zai rasa sanin yarinyar nan ba da kan shigo ɗakin majinyata da sassafe riƙe da ma'aunin zafin jiki, ta kama hannun mara lafiya tana ƙidaya bugun jini, idonta na kan agogo. Wani lokaci kuma saurayi ne. Jama'a kan kira su nas gaba ɗaya, alhali kuwa da yawa daga cikinsu ba su kai ba tukuna, ɗalibai ne da makarantarsu ta turo domin su koyi aiki. In an jima kaɗan wannan ɗaliba ita ce za ta komo da allura, ta nemi jijiya a hannun ɗanka. To, mai karatu, ko ka taɓa tambayar kanka wane ne ya koya mata, kuma sau nawa ta yi wannan aiki a gaban gwani kafin ta iso kan ɗanka?

Ba domin a raina kowa muka yi wannan tambaya ba. Dalili shi ne aikin jinya yana cikin sana'o'in da ba a iya koyonsu daga allo da alli kawai. A makarantun koyon aikin jinya na ƙasar nan kwas ɗin da aka saba da shi na shekara uku ne, na jami'a kuwa shekara biyar. A watannin farko ɗaliba tana aji ne da ɗakin gwaji, inda ake koya mata gyaran gado, da wanke majinyaci, da juya shi, da yin allura, duk a jikin mutum-mutumin roba wanda ba ya jin zafi, ba ya kuka, ba shi kuma da uwa tsaye a kansa tana salati. Idan ta ci jarrabawar wannan zango sai a fara tura ta asibiti, ta yi makonni a ɗakin maza, ta koma na mata, da na yara, da na waɗanda aka yi wa tiyata, da ɗakin haihuwa, har asibitin masu taɓin hankali da ƙananan asibitocin karkara.

A ƙasashen Tarayyar Turai akwai wata doka ta 2005 wadda ta tanadi cewa karatun nas shekara uku ne, watau awa 4,600, kuma aƙalla rabin wannan lokaci a bakin gadon majinyaci za a yi shi. Mu ma a nan babban kaso na karatun a asibiti ake yinsa. Abin nufi, nas tana samun wajen rabin ilminta ne a wurin da shugaban makarantarta ba shi da iko da shi, a hannun mutanen da aka ɗauka aiki domin jinya, ba domin koyarwa ba.

Makaranta kowa ya san yadda ake duba ta. Kafin a yarda ta ɗauki ɗalibai sai jami'an Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya sun zo sun ga azuzuwa, da ɗakin karatu, da ɗakin gwaji, da takardun shaidar malamai, sun kuma leƙa asibitin da za a riƙa tura ɗaliban. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, ba shakka. Sai dai akwai abin da baƙon kwana biyu ba ya gani ko da ya so. Ana iya ƙidaya gadaje, amma ba a iya ƙidaya irin kallon da Sista ke yi wa ɗaliba sa'ad da ta yi tambaya, ko kuwa abin da ke faruwa da ƙarfe biyun dare bayan manya sun tafi gida.

DAGA LANDAN ZUWA IBADAN

Wannan tsari na koyo a bakin gado gadonsa muka yi daga Ingila. Cikin 1860 Florence Nightingale, matar nan da ta yi suna wajen jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya, ta buɗe makarantar koyon aikin jinya a asibitin St Thomas da ke Landan da ɗalibai 15. Koyon kusan dukkansa a cikin ɗakunan majinyata ake yinsa, ƙarƙashin Sista mai kula da ɗaki, kuma kowane wata akan rubuta rahoto a kan kowace ɗaliba, game da halinta, da tsabtarta, da kiyaye lokaci, da ƙwarewarta a aiki. Daga can tsarin ya bazu cikin ƙasashen da Ingila ta mallaka. A Nijeriya an kafa hukumar ungozoma cikin 1930, ta nas-nas cikin 1947, sa'an nan aka haɗe su wuri guda da doka ta 89 ta 1979. Makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Ibadan ta fara aiki cikin 1952, jami'ar garin kuma ta buɗe sashen nazarin aikin jinya cikin 1965. Kofoworola Pratt, wadda ta zama shugabar nas-nas ta wannan asibiti cikin 1964, kana ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayya, a makarantar St Thomas ɗin nan ta yi karatu. Ashe zumuncin na kusa ne.

Tsarin ya fitar da gwanaye, wannan ba a musu. Tsofaffin nas-nas na ƙasar nan har yanzu suna ba da labarin Sistocin da suka rene su, waɗanda ke iya gane gadon da ba a gyara daidai ba tun daga bakin ƙofa. Amma yana da wani aibi babba. Ɗaliba a cikinsa ma'aikaciya ce mai araha, da ita asibiti ke cika gurbin da ya rasa mutum, abin da ta koya kuwa ya dangana ga sa'arta. Fiye da shekara ɗari ɗakin majinyata ne ke auna ɗaliba yana rubuta rahoto a kanta. Da wuya a ji wanda ya juya tambayar, ya ce shi ɗakin fa, ya cancanci a ba shi amanar 'ya'yan mutane?

Sai a farkon shekarun 1980 wasu mata masu bincike a Ingila, Helen Orton da Joan Fretwell da Margaret Ogier, kowace ta ɗauki wannan tambaya ta shiga asibitoci da ita. Abin da suka gano ya zo kusan ɗaya. A asibiti guda, mai gini iri ɗaya da kayan aiki iri ɗaya, sai a sami ɗakin da ɗalibai ke koyo suna ƙaruwa, a sami na kusa da shi inda suke wuni suna hidima ba su ƙaru da kome ba. Bambancin yana ga Sista. Inda take jan ma'aikatanta a jiki, tana shawara da su, tana sane da cewa ɗaliba koyo ya kawo ta, to ƙananan nas-nas ma sai su bi sahu su riƙa koyarwa. Inda take mulki da tsawa kuwa, kowa sai ya kama bakinsa, ɗaliba ta koyi ɓoye jahilcinta. Daga ƙarshen shekarun 1980 Ingila ta sake fasalin karatun gaba ɗaya, ta kuma kafa ƙa'idar cewa ba za a ƙidaya ɗaliba cikin adadin ma'aikatan da ɗaki ke bukata ba. Watau ko tana nan ko ba ta nan dole ɗakin ya kasance da isassun nas-nas nasa.

MA'AUNIN DA AKA ƘERA

Gane cewa ɗakuna sun bambanta abu ne guda, auna bambancin kuma wani abu ne dabam. A farkon shekarun 2000 aka sami ma'aunai biyu da suka yi fice. Na ɗaya wani malami mai suna Dominic Chan ne ya tsara shi a Ostireliya, yana da tambayoyi 42, kuma dabararsa ita ce ɗaliba takan amsa su sau biyu: ta faɗi yadda ta sami ɗakin, sa'an nan ta faɗi yadda ta so a ce ta same shi. Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita ke nuna inda gyara yake.

Na biyu daga birnin Turku na ƙasar Finlan ya fito cikin 2002, aikin Mikko Saarikoski da Helena Leino-Kilpi, ana kiransa CLES. Cikin 2008 aka faɗaɗa shi ya kai jimloli 34, kuma an fassara shi cikin harsuna da dama. Idan ɗaliba ta gama zamanta a ɗaki sai a ba ta takardar, ta sa maki daga 1 zuwa 5 a gaban kowace jimla gwargwadon yadda ta yarda da ita. Abubuwa biyar yake bi. Akwai yanayin ɗakin, ko ma'aikata na da sauƙin tunkara, ko ɗaliba na zuwa aiki da kwanciyar rai. Akwai irin shugabancin Sista, da kuma ingancin jinyar da ake yi wa majinyata a wurin, domin ba a koyon aiki mai kyau inda ba a yin aiki mai kyau. Akwai dangantakar ɗaliba da nas ɗin da aka damƙa ta a hannunta, ko tana ganin aikinta, ko tana gaya mata inda ta yi daidai da inda ta kauce. Na ƙarshe shi ne malamin makaranta, ko yana biyo ɗalibansa asibiti ya haɗa musu abin da ke littafi da abin da ke gado.

Cikin 2010 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi da wannan ma'auni a ƙasashe tara na Turai, inda ɗalibai 1,903 suka amsa. Waɗanda suka fi gamsuwa su ne masu nas guda takamaimai da ke kula da su, waɗanda kuma suka daɗe a ɗaki ɗaya, kamar mako bakwai ko fiye. Duk wanda ya taɓa koyon ɗinki ko kanikanci zai ce ai wannan ba sabon labari ba ne, yaron shago da maigida ɗaya ya fi wanda kowa ke aikensa. Gaskiya ne. Amfanin ma'aunin shi ne yana mai da abin da kowa ya sani a zuci ya zama lamba a kan takarda, wadda za a iya ajewa gaban shugaban asibiti a ce ga ɗaki kaza ya sami 4, ga ɗaki kaza bai kai 2 ba, shekara biyu a jere. Magana takan bi iska, lamba kuwa sai an ba da amsarta.

HALIN DA MUKE CIKI

Abin da ya sa wannan batu ya zama na gaggawa a gare mu lissafi ne mai sauƙi. Cikin watan Fabrairu na 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, Dokta Faruk Umar Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A shekarar 2024 ɗin kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka a makarantun koyon aikin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Niyyar mai kyau ce, domin a cike giɓi. Amma a lura da waɗanda ke tafiya. Asibitocin Ingila da Amurka da Saudiyya masu hannu a aiki suke nema, watau su ne dai mutanen da ya kamata su tsaya kusa da ɗaliba. Masu koyo sun ninka, masu koyarwa a bakin gado sun ragu. Aji ana iya ƙara masa benci, amma majinyaci ba a iya raba shi ashirin domin kowa ya sami hannun da zai koyi sa robar ƙarin ruwa.

Wata farfesa a Amurka, Linda Aiken, ta yi bincike a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania wanda aka buga cikin 2002. Ta gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyin da ke kanta, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. To, idan ƙarin majinyaci ɗaya na yin haka, ina nas ɗin da ke riƙe da ɗaki sukutum ita kaɗai cikin dare za ta sami sararin tsayawa ta yi wa ɗaliba bayanin dalilin da ya sa ake duba sunan magani sau uku kafin a bayar? Ba mugunta ba ce, lokaci ne babu.

Sakamakon haka iri biyu ne, kuma duk mai yawan shiga asibitocin gwamnati ya san su. Wani ɗakin da safe za ka tarar da ɗalibai sun yi cincirindo, na wannan makaranta da na waccan, wasu na jami'a wasu na kwaleji, sun fi gadajen yawa. Kaɗan ne ke taɓa majinyaci, sauran suna tsaye jikin bango, ko an aike su karɓo fayil, ko kai jini ɗakin awo. Wani ɗakin kuma da dare ɗaliba 'yar shekara ta biyu ce ke rarraba magani ba mai duba ta. Ta farko ta koma gida ba ta koyi kome ba. Ta biyu ta koya, amma a jikin mutane, kuma in ta yi kuskure ba wanda zai gaya mata, sai kuskuren ya zama mata ɗabi'a har ta koya wa na bayanta.

Sa'an nan ga littafin aiki. Kowace ɗaliba tana da littafin da aka jera ayyukan da dole ta iya, kuma a gaban kowane aiki akwai gurbin sa hannun nas ɗin da ta ga ta yi shi. Wannan littafi shi ne shaidar da makaranta ke dogara da ita. In an cika shi ranar da aka yi aikin, a gaban wadda ta gani da idonta, to shaida ce ta gaske. In kuwa an tara shi sai jarrabawa ta gabato aka bi mutum har ofis ana roƙo, ya zuba sa hannu talatin a zama ɗaya, to sunansa littafi ne kawai.

Kada kuma a manta da lafiyar ita ɗalibar. Zazzaɓin Lassa, da aka fara gano shi cikin 1969, nas-nas ya fara kashewa: ɗaya ta kamu a garin Lassa, ɗaya kuma a Jos wajen jinyar ta farkon. Allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B, in ta soki wanda ba a yi wa rigakafi ba, tana iya sa masa cutar, kuma a wasu halaye haɗarin yakan kai kashi 30 cikin ɗari. Rigakafin nan akwai shi, allura uku ce. Ɗakin da ke tura ɗaliba ta ɗebi jini ba safar hannu, ba kwandon zuba allurai, bai cancanci a kira shi wurin koyo ba ko da Sistarsa ta fi kowa fara'a.

YADDA ZA A AUNA A NAN

A ganinmu kwaso takardar Finlan a rarraba wa ɗalibai a Sakkwato ko Inugu yadda take ba zai wadatar ba. An tsara ta ne a ƙasar da ruwan famfo da wutar lantarki ba abin tambaya ba ne. Tamu tana bukatar ƙarin tambayoyi na ƙasa-ƙasa: akwai ruwa da sabulun wanke hannu? Ku nawa ne ɗalibai a ɗakin, nas-nas kuma nawa? Sau nawa malaminku ya zo? An taɓa barinki ke kaɗai da aikin da ba a koya miki ba? An taɓa wulakanta ki gaban majinyaci, ko wani ya neme ki da abin da bai dace ba? Wannan ta ƙarshe ba a son faɗinta, amma barinta a rufe ba ya kawar da ita.

Babban cikas kuwa tarbiyyarmu ce. Yaron da aka rena a kan cewa ba a ɗaga ido a dubi babba, ba zai rubuta cewa Sista ba ta koyar da shi ba, balle ya san ita ce za ta sa hannu a littafinsa gobe. In aka ba shi takarda a gabanta 5 zai sa daga sama har ƙasa, a tattara a ce kome lafiya. Saboda haka dole a cika takardar ba suna, bayan an gama zaman ɗakin an kuma rufe makin ɗalibi, a hannun wanda ba ma'aikacin ɗakin ba. Yanzu da yake kusan kowane ɗalibi yana da wayar hannu, wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Dole kuma a fitar da sakamakon ɗaki-ɗaki. In aka cakuɗa na asibiti duka wuri ɗaya, ɗaki mai kyau zai rufa wa mara kyau asiri.

Akwai kuma abin yin hattara. Jin daɗin ɗalibi ba shi ne koyo ba. Ɗalibi na iya yabon ɗakin da ake barinsa ya zauna yana danna waya, ya kushe Sistar da ta sa shi ya sake ɗaure ciwo sau uku har ya yi daidai. Don haka sai an haɗa muryar ɗalibai da wasu shaidu: yadda suka yi a jarrabawar aiki da hannu, da abin da nas-nas ɗin ɗakin suka ce game da nauyin da ke kansu, da abin da majinyata suka gani. Tsohuwar da ɗaliba ta gaishe ta da harshenta, ta ja labule kafin ta buɗe mata jiki, ta san abin da ba ya cikin tambayoyi 34.

In an auna kuma sai a yi aiki da abin da aka samu, in ba haka ba ɗalibai za su gane wasa ne su daina faɗin gaskiya. Ɗakin da ya faɗi a rage masa ɗalibai, ko a ɗauke su har ya gyaru. Ɗakin da ya yi fice a san da shi. A halin yanzu nas ɗin da ke ɓata lokacinta tana koyarwa da wadda ke korar ɗalibai daga gabanta, galibi albashinsu ɗaya ne a ƙarshen wata. Hukumomin asibitoci suna iya sa koyar da ɗalibai cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, su ba mai yinsa ɗan kwas na sanin hanyar koyarwa, su rage mata majinyata ranar da take da ɗaliba. Makarantu kuma su rarraba ɗalibansu tsakanin aikin safe da na yamma da na dare, su yi amfani da manyan asibitocin ƙananan hukumomi maimakon kowa ya tattaru a asibitin koyarwa guda na babban birnin jiha.

Kai ma mai zaman jinya kana da abin yi. In ɗaliba ta zo da allura, kana da haƙƙin ka tambaye ta cikin ladabi ko ita ɗaliba ce, kuma wace nas ce ke duba aikinta. Kada ka kore ta, domin wadda kake so ta zo a madadinta ita ma a hannun ɗan wani ta koya. Ka dai ce a kira Sista ta tsaya kusa. In an ce Sista tana can kan wani majinyaci, kuma allurar ba ta gaggawa ba ce, sai ka ce za ku jira ta.